Zobe na Biyu

Zoben farko Limbani ne ya sa mini a yatsa
a cocin Mangochi, ana guɗa, ana yayyafi.
Na biyun ni na sa wa kaina
a bayan koren labulen asibiti,
Nas Alinafe na faɗa mini daga waje:
matse shi tsakanin yatsu, 'yar uwa,
tura can ciki, ta hanyar da ɗa ke fitowa.

Ba ya ƙyalli. Farar roba ce mai laushi.
Wata guda yana tsatsafo da magani
kamar yadda sabuwar randa ke zufa,
daidai ƙofar da cutar ke nema.

Na gwada ƙwayoyi.
Ya tsinci kwalbar a buhun masara,
muka kwana uku ba magana.

Kwalekwalensa kan yi sati biyu a tafki.
Ban san inda yake kwana ba in sun sauka.
Na dai san bara muka binne Esnati,
ga 'ya'yanta nan suna cin tuwo da nawa.

Yau ya dawo yana ƙarnin kifi, yana dariya.
Na ɗora masa ruwan wanka.
Talata zan koma in canza,
in an samu mota.