Inci Biyu

Daren da ruwa ya kwana yana zuba
na taso daga Sandamu da asuba,
akori-kurata ɗauke da buhu sha biyu na albasa.
A mashigin rafi cikinta ya zauna kan yashi,
tayoyi na ta juyi, ita ko gezau,
kamar saniyar da ta ƙoshi ta kwanta tuƙa.
Muka yi ta tono da hannu har hantsi ya dubi ludayi,
muka baro wa rafi rabin salansa.

Kasuwar Mai'aduwa ta ci babu ni.
Albasa kuwa ba ta san haƙuri ba,
in ta sha ruwa, warinta ke yin sallama tun daga nisa.

Shi ya kai ni garejin Sallau,
can bayan tasha, inda baƙin mai ya rine turɓaya.
Na ce, ɗaga mini ita inci shida,
ina so in wuce rafin nan ina hararar sa daga bisa.

Sallau bai ce uffan ba.
Ya shimfiɗa kwali, ya sulale ƙarƙashi,
ƙafafunsa kaɗai a waje, silifa guda ɗaure da waya.
Muryarsa ta fito kamar daga rijiya:
Barmo, sifirin baya ganye biyu sun karye,
bushin ya cinye, noti duk tsatsa.

Ya fito, ya ɗauki alli, ya zana a jikin ƙofa.
In ka ɗaga shida, in ji shi,
tiyon birki zai miƙe kamar tsirkiya,
farfela ta karkace, ta riƙa kuka a kan kwalta,
sitiyari ya daina jin maganarka.
Shokazoba huɗu dogaye, sai an aika Kano.
Sannan a kwanar Zango, da kaya a baya,
doguwar mota ba ta jin kunyar kifewa.
Raƙumi ma, duk tsawonsa,
sai ya durƙusa kafin a ɗora masa.

Ya faɗi kuɗin. Na ce ya maimaita.
Ya maimaita, bai rage ko sisi ba.
Tumaki huɗu ke nan, da ribar noman rani.
Amma zuciya ta riga ta hau, ta ƙi ta fasa.

Na ari tef ɗinsa na tafi gida.
Na auna daga aksul zuwa yashi, daga taya zuwa bodi,
na auna rumfar da take kwana,
ina rubutawa a bayan rasidin taki.
Ina durƙushe Inna ta fito, ranar asibitinta ce.
Ta kama ƙofar, ta ɗaga ƙafar dama,
ta sauke, ta numfasa, ta sake ɗagawa,
gwiwar ta yi ƙara irin ta tsohon ƙyaure.
Sai da na tallafe ta ta isa.
Ta zauna tana haki, tana dariya:
Motar nan taka kullum tsawo take ƙarawa,
ko ni ce nake komawa ƙasa?

Wannan awon ba ya cikin rasidi.
Na naɗe tef, na sa a aljihu.

Washegari na ce wa Sallau, inci biyu.
Ƙara ganye guda a baya, a sake bushin,
taya mai haƙora, ba mai faɗin banza ba,
farantin ƙarfe ya rufe cikin inji.
Sannan mai walda ya yi mini mataki
a gefen fasinja, faɗin tafin ƙafa.

Ya ce, matakin zai riƙa sharar yashi fa,
ya cinye maka abin da ka ɗaga.
Na ce, na sani. Kafa shi da noti biyu,
in na iso rafi in kwance, in na iso gida in ɗaura.

Ya goge hannu da tsumma, ya ce in zo Talata.
Talatar Sallau kuwa, duk Daura an sani,
ba ta kusa.