Kunu Ya Huce

Wata tsohuwar rediyo aka kawo mini gyara,
ranar Talata, a shagona na bakin tasha, Ƙauran Namoda.
Na buɗe bakinta, sai ga kaset ya kwana shekaru a ciki,
zarensa ya zubo kamar hanjin kaza.
Na sa biro na naɗe shi sannu a hankali.
A jikinsa, da jan alƙalami:
Sahabi Tsawa, Kunu Ya Huce.

Ai na san Sahabi.
Wa bai san shi ba, cikinmu da muka yi samartaka
lokacin da jirgin ƙasa ke isowa da fitila a goshi?
Su biyar ne, 'Yan Aradu,
suma kamar kwando, wando mai faɗin ƙafa,
jitarsa na kuka kamar ana yanka ƙarfe,
ganga na girgiza kwanon rufin kulob ɗin reluwe
har dattawan unguwa su kai ƙara.

Sai ƙungiya ta watse.
Ɗaya ya tafi Ikko, ɗaya ya koma sayar da taki,
biyu ƙasa ta rufe musu ido.
Shi kuwa ya shiga ɗaki da jita marar lantarki
ya fito da wannan.
Aka ce zaki ya koma kyanwa.
Aka ce ina tsawar? Har da bakina aka ce.
Ban saya ba. Na tuna sarai, ban saya ba.

Yau na danna.

Ta farko a kan gwiwarsa ce,
mai sanar da shi zuwan ruwa tun kafin hadari ya haɗu.
Ta biyu, akuyar maƙwabci ce ta cinye masa takardar waƙa,
yana lallashinta ta dawo masa ko da amshi.
Akwai wadda ya yi wa haƙorinsa na gaba
da ya rasu a bakin aiki, cikin tsire, a Gusau,
ta'aziyya baiti uku, har da lissafin magada.
A tsakiyar ta huɗu yatsa ya zame, ya fashe da dariya,
wani ya ce a sake,
ya ce a bar shi, shi ma baƙo ne, a ba shi wuri.
Can baya ana jin cokali cikin kofin shayi
da wani zakara da bai san lokaci ba.

Na ajiye ƙarfen dalma.
Yarona Mande ya ɗago kai, ya ce, Maigida lafiya?
Ban san dariya nake ba sai da ya tambaya.

Da can mun ɗauka ƙara ita ce gwaninta.
To saurari yatsun nan yanzu,
ba su gudu, ba su neman tafi,
suna taka waya kamar tsohon da ya san kowane rami na hanyar gidansa,
ya bar tocila a aljihu.
Mutum ya shekara ashirin yana tsorata rufin kwano,
sannan ya zauna ya ba haƙori haƙƙinsa.
Mu ne muka zo da kunnen jiya.

Kunun da zafi muka so shi, mai ƙona harshe.
Ashe sai ya huce ake jin tsamiyar,
ake jin gero, ake jin hannun da ya dama.
Ni ma yanzu gwiwata ta fara duba,
jiya ta ce za a yi ruwa, aka kuwa yi.

Da la'asar Malama Hajo ta zo karɓar kayanta.
Rediyo ta gyaru tun hantsi, bel ne kawai ya saki.
Na dubi rediyo, na dubi Mande,
Mande ya dubi silin.
Na ce, Malama, akwai sauran aiki,
gefe na biyu ban duba ba tukuna.
Ki dawo Juma'a.