Jan Maɓalli

Ranar da suka ba ni shi a ofis, a Garwa,
na juya shi a tafin hannu ina dariya.
Bai kai sabulun wanki ba,
ga ɗan ƙaho guda a ka, kamar ɗan akuya.
Wai da tauraron ɗan'adam yake magana.
Na ce, shekara goma sha tara ina bin rugage da allurar shanu,
tauraron da na sani Zara ce, matar wata,
ita kuwa ba ta taɓa neman caji ba.

Na ɗaure shi dai a jaka, don kada a ce.

Kowace magariba in danna baƙin maɓalli,
saƙo ya faɗa wayar Hajjo: Na sauka lafiya.
Kalma uku, kullum su ne.
Ta ce, Maikano, wannan ba bakinka ba ne,
kai da ko gaisuwa sai ka haɗa da mita.

Ran Laraba, bayan Poli,
ruwa ya kwana yana dukan duwatsu.
Rafin da na ƙetare shekaranjiya ko takalmi bai jiƙe ba
ya cinye gaɓarsa ta ƙarƙashi,
ya bar ciyawa a sama shimfiɗe kamar tabarma.
Babur ya taka.
Ƙasa ta ce ba da ita aka yi ba.

Na farfaɗo da yashi a baki,
babur kwance a kan ƙafar hagu,
tayar baya tana ta juyi ita kaɗai
kamar da sauran tafiya.
Ƙwaurina ya lanƙwashe inda Allah bai sa gwiwa ba.
Waya? Tun daga kasuwar Poli ta koma tocila.
Na yi kira. Kurciya ta amsa.

Sai na tuna da ɗan akuyan.
Jan maɓallin yana ƙarƙashin murfi,
farce ya ɓalle, yatsa ya danna.
An ce ba ya son inuwa, sai sarari,
na ɗaga shi sama da hannu biyu
kamar mai roƙon ruwa, ni da ruwa ya kayar.
Fitila ta ƙifta. Ta sake.
Sai rubutu: An ji. Kana zubar da jini?
Ban san mai tambayar ba, ban san garinsu ba,
amma na amsa masa kamar ɗan ɗakinmu.

To, tsakanin ji da zuwa akwai tafiya.
Awa shida.
Ƙanƙara na narkewa a akwatin allura,
ina jin ɗigonta, rabon shanu ɗari uku na Jauro Sali.
Ruwan gora saura rabi.
Batir saura sanda biyu,
jiya na yi ƙyuyar caji, na ce gobe ma rana ce.
Rafin kuma ya soma lasar diddigena.

Wanda ya fara iso ni ba daga sama aka turo shi ba.
Yaro ne mai bin sawun maraƙi.
Ya gwada ɗaga babur, ya kāsa,
sai ya cire malfarsa ya tare mini rana,
ya zauna. Bai ce komai ba. Bai tafi ba.

La'asar sakaliya mutum huɗu suka ɓullo,
mota na can baya, laka ta riƙe ta,
a kansu ƙyauren ɗakin wani da suka aro.
Suka ce ɗigon da ka aiko
shi ya kawo mu har gindin kanyar nan.
Na nemi yaron in tambayi sunansa,
ya riga ya koma kan sawunsa.

Yanzu ina gida, ƙafa cikin farin siminti.
Jiya da magariba Hajjo ta ɗauki ɗan akuyan,
ta fita tsakar gida inda babu inuwa,
ta danna baƙin maɓalli da kanta.
Wayarta ta yi kuka a gefen zani.
Ta karanta a fili, a hankali: Na sauka lafiya.
Ta dube ni ta bakin ƙofa, ta ce,
Yau dai na yarda.