Ruwan Akoka

Na zo da jaka ɗaya, da gwangwanin yajin Inna,
da takardar digiri cikin leda, kada ruwa ya taɓa ta.
Motar Malumfashi ta sauke ni Agege da asuba,
kafin in kai Akoka rana ta take tsaka,
kwandasta na kiran sunayen unguwanni
kamar mai bin su bashi.

A gida ni ce ta ɗaya a aji.
Nan kuwa, ranar farko,
Farfesa Oyelaran ta miƙo mini takardu goma sha biyu,
ta ce, karanta, Jumma'a ki nuna mini inda suka kuskure.
Kuskure?
Ni da na saba abin da aka buga a littafi
haddace shi ake yi, a mayar wa malam yadda ya bayar.
Na kwana uku a shafi na huɗu.
Sauro ya karance ni fiye da yadda na karance su.

Aikina ruwa ne.
Kowace Talata da sassafe nakan shiga kwalekwalen Baba Hunsu,
mu ratsa ƙarƙashin doguwar gada, motoci na gudu a samanmu,
in cika kwalba shida, in rubuta wa kowace lokacinta.
Shi ba ya rubutu.
Yakan dubi launin ruwan ya ce, yau gishiri ya shigo,
ni kuma in ɓata yini guda a ɗakin gwaji
kafin na'ura ta faɗa mini abin da ya faɗa kyauta.

Sati biyar ina kiwon halittun da ido ba ya gani,
ina zuba musu abinci a faranti, ina auna musu ɗumi
kamar kaza a kan ƙwai.
Daren Lahadi aka ɗauke wuta,
janareta ya yi tari biyu ya yi shiru.
Litinin na tarar ba sauran mai rai.
Na zauna kan matakala, na rufe fuska da farar rigar aiki.
Nkiruka, wadda ta shekara uku a nan,
ta ɓare gasasshiyar ayaba ta ba ni rabi,
ta ce, nawa sau huɗu suna mutuwa.
Rubuta ranar, rubuta dalili, ki wanke faranti.

Da dare Baba ya kira.
Shekara talatin yana haƙa rijiya,
yakan ɗanɗana ƙasa ya san gaba nawa ya rage a cim ma ruwa.
Ya ce, Lantana, an ce garin duk ruwa ne, ana sha?
Na ce, ba a sha, Baba, dalilin nake nema.
Ya yi dariya har da tari:
kin bar inda babu, kin je inda ya yi yawa,
ƙishirwar dai tana nan.
Can ya ce, na sha haƙa gaba goma sha biyar in tarar da dutse.
Ba a zagin dutse, matsawa gefe ake yi.

Ranar da na tsaya gaban malaman sashe,
muryata na rawa, tafin hannuna jiƙe,
wani dattijo mai tabarau a kan hanci
ya jefo tambayar da ba ta cikin takardata.
Na laluba kaina, fayau.
Na ce, ban sani ba tukuna.
Na jira ƙasa ta tsage.
Sai na ga Farfesa ta ɗago ido,
ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta ci gaba da rubutu.

Yanzu na san motar da ba a shiga bayan la'asar,
ba na fita ba laima ko sama ta yi tas.
Jan biron Farfesa na nan, bai ƙare ba,
yajin Inna ne ya kusa.
Gobe Talata.
Kwalabe shida na kife kan taga suna bushewa.