Kwana Tara a Gidan Kaka Ilmi

A Oulu, rana ba ta da himma a wannan wata.
Sai hantsi take leƙowa, kafin ka juya ta naɗe tabarmarta.
An rufe makaranta, an sauke min jikoki biyu,
Tuure sarkin tambaya, da Kaisu da ba ta gani ta ƙyale.
Tun safiyar farko suka karya ƙafar kujera.
Na ce to, hannun da ya rasa aiki
shi ke nemo wa mai shi magana.

Na miƙa musu kwalba.
Ku ciko ta da dusar ƙanƙara, ku danna, har baki.
Muka girke ta gefen murhu, muka tafi cin burodi.
Da muka dawo, ruwan ciki bai kai rabi ba.
Kaisu ta harari yayanta, wai shi ya shanye.
Babu ɓarawo, yarinya,
iska ce ta yi zaman haya a tsakani,
da zafi ya zo ta kwashe kayanta.

Washegari Tuure ya hura balan-balan, kumatu kamar za su fashe,
ya ɗaure shi a ƙofa, sanyi ya tsotse shi
ya yamutse kamar fuskata.
Da ya shigo ɗaki ya sake yin ƙiba.
Sau bakwai suka fitar da shi. Ni na gaji, shi bai gaji ba.

Mun dafa jan kabeji, gidan ya yi wari har bene.
Ruwansa shuɗi-shuɗi, muka ɗiga lemon tsami,
sai ya koma ja kamar an ba shi kunya.
Kaisu ta ɗiga wa rigarta ma, don tabbatarwa.

Ba duka ne suka yi kyau ba.
Kwalbar marigayi Veikko, mai wuyan nan kore,
Tuure ya cika ta da ruwa, ya toshe, ya bar ta waje ta kwana.
Da safe ta tsage gida uku,
ƙanƙarar na tsaye ita kaɗai da siffar kwalba.
Ya ce, Kaka, me ya sa ruwa ke ƙara girma in ya daskare?
Na daɗe ina duban gilasan.
Na ce ban sani ba sosai. Ɗauko tsintsiya, sai mu bincika.

Ran na tara uwarsu ta zo da mota.
Gidan ya yi tsit, har agogo ya dawo da muryarsa.
A taga sun manta kofin ruwan gishiri,
zare na lilo a ciki,
ƙananan duwatsu farare sun fara kama shi.

Ban zubar ba.
Kullum da safe sai na sa tabarau na duba,
ni da na ce don yara nake yi.