Daren Alhamis a Sofiya

Kakana Tsvetan ba ya kallon talabijin,
sai wannan wasan, daren Alhamis,
bargo a gwiwa, shayi yana hucewa.

A allo Kanar Mladenov na cika wa mataimakinsa kofi,
a aljihunsa ga takardar da za ta binne shi.
Hawa na shida na farautar hawa na huɗu,
kowa da makullinsa, ba mai runtsawa.

"Ƙarya," in ji kaka. "Ba a yin wannan murmushin.
Wanda zai sayar da kai
lafiyar 'yarka yake tambaya,
har sunan maganinta ya riƙe."

Tarago ya wuce, taga ta yi rawa.
Aka harbe mataimakin a gindin gada,
kiɗa ya tashi.

A kan kabad akwai hoton mutum uku a bakin teku,
an cire na tsakiya da almakashi,
hannunsa kaɗai ya rage a kafaɗar kaka.

Na ce, "Shi ne ya ci amanarka?"

Ya daɗe yana goge tabarau da gefen riga.
"Wa ya gaya miki," ya ce,
"ni aka sayar?"