Bangon Da Ke Numfashi

Tun asuba nake kwaɓa farar ƙasa
a ƙofar kantin tsohuwa Yeoh Bee Geok,
ni Marimuttu, ɗan mai yaɓe, jikan mai yaɓe,
a tsibirin nan na Penang
inda iskar teku ke lasar gini
kamar akuya ta sami gishiri.

Faɗin kantin bai wuce taku sha shida ba,
amma shiga ka sha tafiya:
ɗaki na bin ɗaki kamar gaɓoɓin rake.
Ƙasa ciniki, sama barci.
A tsakiya an bar rufin buɗe da gangan
don ruwa ya sauko ya gaida randa,
zafi kuma ya sami ƙofar fita.
A waje ga rumfa mai taku biyar,
ginshiƙi riƙe da hannun ginshiƙin maƙwabci,
sai ka ƙure layin nan kaf
damina ba ta taɓa maka ƙeya ba.

Shekaru arba'in baya wani gwani
ya zo ya liƙe bangon da siminti.
Bango ya yi gumi a ciki, ya kumbura, ya feso ƙuraje.
Aikinsa nake ɓamɓarewa yau.
Babana kan ce bulo ma mai rai ne,
kada ka toshe masa hanci.

Hukuma ta kafa allo a goshin ginin.
Ba a canza tagar katako,
ba a ɗaga tayil mai koren fure,
ba a sauya ko launin ƙyaure sai da takarda.
Doka ta rungume bango ƙam,
amma ba ta san mai kanti ba.
Ita dai tana awon ƙusa a sikelin mahaifinta,
baƙi su ɗauki hoton sikelin, su wuce,
ko sakata ɗaya ba su taya ba.
Maƙwabcinta na hagu ya tashi bara,
yanzu gahawa ake sayarwa a can,
kofi guda ya kusa kuɗin wunina.

Ran Laraba, gindin matakala,
siminti ya faɗo falle guda,
sai ga tsohon yaɓe, fari kamar haƙori,
da zanen fensir layi bisa layi,
kowane da rubutun Sin a gefensa.

Rohaizan, jami'ar adana tarihi, ta iso da haki,
ta auna, ta ɗauki hoto,
ta ce a sa gilashi, kar kowa ya taɓa,
wannan dukiyar ƙasa ce.

Tsohuwa ta taho da sandarta, ba gaggawa.
Ta ɗora yatsa kan layin da ya fi ƙasa.
"Wannan Boon Teik ne," in ji ta.
"Nan ya tsaya. Zazzaɓi, shekarar da shinkafa ta yi wuya."
Yatsan ya hau, ya hau, shi kaɗai,
har ya kai inda sai ta yi ɗage.
"Wannan ni ce, ina sha biyar."

Sai ta juya ta jingina baya da bangon,
ta miƙe iya miƙewar da shekaru suka bar mata.
Kanta bai kai layin ba. Saura yatsa huɗu.
Ta yi dariya har da tari.
"Marimuttu, ba fensir ne a kunnenka ba?"

Na dubi allon hukuma, na dubi Rohaizan.
Ita kuwa ta ɗaga kai can tsakar gida
inda yayyafi ya fara sauka cikin randa,
ta tsaya kallonsa kamar yau aka fara ruwa a duniya.

Na zaro fensir.
Farar ƙasata tana bushewa a bokiti,
na ƙyale ta.